Manhajojin farawa

Manhajojin farawa su ne manhajojin da ke buɗe kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ko aka shiga asusun mai amfani da ita, ba tare da kowa ya danna su ba. Wasunsu wajibi ne, kamar manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta da waɗanda ke kula da sauti da batir. Wasu kuwa kamfanonin da suka ƙirƙire su ne suka tsara su tashi da wuri, domin su riƙa neman sabuntawa, ko su aiko da sanarwa, ko su yi saurin buɗewa idan an neme su. Idan irin waɗannan suka yi yawa, kwamfuta kan daɗe kafin ta gama tashi, kuma takan ci gaba da nauyi har bayan ta tashi.

Dakatar da manhajojin farawa marasa amfani na daga cikin matakan farko da masu gyara ke ɗauka idan an kawo musu kwamfuta mai nauyi. Matakin ba ya cin kuɗi, ba ya goge manhaja ko fayil, kuma ana iya mayar da komai yadda yake. Sai dai yana buƙatar a san wadda za a dakatar da wadda za a bari, kuma ba shi ne maganin kowane irin nauyi ba.

## Suna

Babu suna ɗaya tilo da aka tsayar wa wannan rukunin manhajoji a Hausa. A rubuce ana samun "manhajojin farawa" da "manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta". A baka, masu gyara da ɗalibai sukan ari kalmar Ingilishi su ce "sitatof". Kalmar "tashi" ta samo asali ne daga yadda ake faɗa game da mota ko inji: an tayar da shi, ya tashi, ko ya ƙi tashi. Haka nan ana cewa kwamfuta tana "nauyi", ko tana "jan ƙafa", idan tana jinkirin amsa umarni, sannan a ce ta "maƙale" ko ta "sandare" idan ta daina amsawa gaba ɗaya.

Akwai bambanci tsakanin kalmomi uku da ake yawan haɗawa. "Rufe" manhaja shi ne tsayar da ita a wannan zaman kawai. "Dakatar" da ita daga farawa shi ne hana ta tashi da kanta nan gaba, alhali tana nan a cikin kwamfutar. "Cire" ta kuwa shi ne goge ta baki ɗaya.

## Yadda kwamfuta ke tashi

Tashin kwamfuta mataki-mataki ne. Da zarar an danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja da ke dashe a jikin babban allon kwamfutar, wato BIOS ko magajinta UEFI, ita ke fara aiki. Takan duba cewa sassan na'urar suna nan lafiya, sannan ta nemo babbar manhaja a faifan ajiya ta miƙa mata ragama. Babbar manhajar, kamar Windows, sai ta ɗora ginshiƙinta a ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, ta tayar da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke ba ta damar magana da sassa kamar allo da na'urar sauti. Daga nan sai hidimomin bayan fage su tashi, sai kuma shafin da ake shigar da kalmar sirri ya bayyana.

Bayan an shiga asusu ne yawancin manhajojin farawa ke tashi. Shi ya sa mutum kan ga fuskar kwamfutar ta bayyana da hotonta da alamominta, amma idan ya danna wani abu sai ya ƙi buɗewa. A wannan lokacin kwamfutar ba ta gama tashi ba, tana can tana ɗora manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Dakatar da manhajojin farawa wannan kashi na ƙarshe yake gajartawa. Ba ya taɓa lokacin da BIOS ke ɗauka.

## Tarihi

A zamanin MS-DOS, wadda ta fito a shekarar 1981, ana rubuta umarnin da ake so kwamfuta ta zartar yayin tashi a cikin wani fayil mai suna AUTOEXEC.BAT, daga baya aka ƙara CONFIG.SYS domin direbobi. Ma'adanar da manhajoji ke iya amfani da ita kai tsaye a lokacin ba ta wuce kilobait 640 ba, don haka masu kwamfuta kan zauna su rage layukan waɗannan fayiloli domin wata babbar manhaja ta samu wurin zama. Matsalar cunkoson farawa ta girmi Windows ke nan.

Windows 3.1 ta shekarar 1992 ta zo da wani rukuni na musamman mai suna StartUp, wanda duk abin da aka saka a ciki zai buɗe tare da ita. Windows 95 ta mayar da shi folda, ta kuma faɗaɗa amfani da rajista, wato babban kundin da Windows ke adana saitunanta. Tun daga lokacin kowace manhaja na iya rubuta sunanta a rajistar yayin da ake girka ta, sau da yawa ba tare da mai kwamfutar ya lura ba.

Domin shawo kan wannan, Microsoft ta saka wata manhaja mai suna msconfig a Windows 98, wadda ke jera abubuwan farawa tare da akwatin da ake cire wa alama. Babu ita a Windows 2000, amma ta dawo a Windows XP a 2001. A wajen kamfanin kuma, Mark Russinovich da Bryce Cogswell, waɗanda suka kafa shafin Sysinternals a 1996, sun samar da Autoruns, wadda ke tono wuraren farawa da yawa da msconfig ba ta nunawa. Microsoft ta sayi kamfaninsu a 2006, kuma har yanzu ana sauke Autoruns kyauta.

Windows Vista ta kawo tsarin jinkirta wasu hidimomi har sai an gama tashi. Babban sauyi ya zo da Windows 8 a 2012, inda aka mayar da jerin manhajojin farawa cikin Task Manager, aka kuma fara auna nauyin kowace ɗaya. A sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018 an ƙara shafin Startup a cikin Settings, kuma Windows 11 ta 2021 ta gaji hanyoyin biyu.

## Wuraren da suke rajistar kansu

A Windows, manhaja na da hanyoyi da dama na tabbatar da cewa ta tashi tare da kwamfuta. Manyan su ne:

* Foldar farawa. Kowane asusu na da tasa, akwai kuma ta gama-gari. Ana buɗe ta farko ta hanyar danna maɓallin Windows da R, a rubuta shell:startup. Ta biyun kuma shell:common startup.
* Rajista. Akwai sassa masu suna Run da RunOnce, ɗaya na mai asusun da ke ciki, ɗaya na duk masu amfani da kwamfutar. Abin da ke RunOnce sau ɗaya yake tashi sannan a share shi, galibi domin kammala girka wata manhaja.
* Hidimomi. Waɗannan ba su da taga, kuma suna tashi tun kafin a shigar da kalmar sirri. Ana ganin su a services.msc.
* Ayyukan da aka tsara wa lokaci. Task Scheduler na iya tayar da manhaja yayin shiga asusu ko a wata sa'a. Manhajojin da ke neman sabuntawa sun fi son wannan hanya.

Task Manager na nuna kashi biyun farko da kuma manhajojin da aka sauko da su daga shagon Microsoft, amma ba ya jera hidimomi da ayyukan da aka tsara wa lokaci a shafinsa na farawa. Wannan ne ya sa wani lokaci mutum kan dakatar da duk abin da ya gani, amma wata manhaja ta ci gaba da fitowa.

## Dalilin da ya sa suke jawo nauyi

Abubuwa huɗu manhajojin farawa ke rububi a kai: faifan ajiya, da RAM, da furosesa, da layin intanet.

Faifan ajiya shi ne babban maƙoshin da komai ke bi. Tsohon nau'insa, HDD, faranti ne mai juyawa da allura mai karatu, kuma a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. Idan manhaja ɗaya ce ke karatu, allurar kan bi layi cikin sauƙi. Idan goma ne suka nema a lokaci guda, sai ta yi ta kai-kawo tsakanin wurare daban-daban a kan farantin, kowa ya jira. Irin wannan faifai bai wuce ya biya buƙatu warwatsattsu kusan ɗari a daƙiƙa ɗaya ba, alhali sabon nau'in, SSD, wanda ba shi da wani sashe mai motsi, na biyan dubbai. Alamar wannan cunkoso ita ce ganin faifan ya tsaya a kashi 100 cikin 100 a Task Manager na tsawon mintuna bayan kunnawa.

RAM kuwa ita ce teburin aiki. Microsoft ta ƙayyade gigabait 2 a matsayin mafi ƙaranci ga Windows 10 mai 64-bit, da gigabait 4 ga Windows 11. A kwamfuta mai gigabait 4, babbar manhajar kaɗai ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Kowace manhajar farawa takan ɗebi nata ta riƙe, ko ana amfani da ita ko ba a yi. Idan wuri ya ƙare, Windows kan kwashe wasu bayanai ta kai faifan ajiya, cikin wani fayil mai suna pagefile.sys, ta dawo da su idan an buƙace su. Da yake faifan ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, wannan kai-kawon ne ke sa kwamfuta ta riƙa tsayawa idan an sauya daga wata taga zuwa wata. Ta nan ne illar manhajojin farawa ke wuce lokacin tashi ta bi mutum har cikin aikinsa.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, takan raba lokacinta tsakanin duk abin da ke gudana. Yawan aikin bayan fage na sa ta zafi, fanka ta yi ta gudu, batir ya yi saurin ƙarewa. Layin intanet kuma, manhajoji da dama da zarar sun ji an haɗa shi sai su fara sauke sabuntawa ko tura fayiloli.

Tun daga Windows 8, Task Manager na ba kowace manhajar farawa matsayi bisa abin da ta ci yayin tashi:

* High, mai nauyi sosai: ta ci fiye da daƙiƙa 1 na lokacin furosesa, ko ta yi mu'amala da fiye da megabait 3 a faifai.
* Medium, matsakaiciya: tsakanin milisakan 300 da daƙiƙa 1, ko tsakanin kilobait 300 da megabait 3.
* Low, mara nauyi: ƙasa da milisakan 300 da kuma ƙasa da kilobait 300.
* Not measured: ba a kai ga auna ta ba tukuna.

Wannan ma'auni na lokacin tashi ne kawai. Manhaja na iya samun matsayin mara nauyi, amma daga baya ta riƙe RAM mai yawa.

## Yadda ake dakatar da su

### Windows 10 da 11

Ana danna Ctrl da Shift da Esc a tare domin buɗe Task Manager. A Windows 10, idan ƙaramar taga ce ta fito, sai a danna More details, sannan a shiga shafin Startup. A sababbin nau'o'in Windows 11 shafin na gefen hagu da sunan Startup apps. Za a ga sunan kowace manhaja, da kamfanin da ya yi ta, da matsayinta, da nauyinta. Ana zaɓar wadda ake so a danna Disable. Domin dawo da ita sai a danna Enable. Hanya ta biyu ita ce ta Settings, sai Apps, sai Startup, inda kowace manhaja ke da makunni a gabanta.

Sauyin ba ya aiki sai an sake kunna kwamfutar ko an sake shiga asusu. Tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi wanda ke adana wani ɓangare na babbar manhajar a faifai idan an kashe, ya dawo da shi yadda yake. Restart ne ke tayar da komai daga tushe.

Manhajoji da yawa suna da saitin farawa a cikinsu. Idan aka kashe daga can ya fi ɗorewa, domin wasu kan sake rubuta sunansu a rajista duk lokacin da aka buɗe su ko aka sabunta su.

### Windows 7 da waɗanda suka gabace ta

Ana danna maɓallin Windows da R, a rubuta msconfig, a shiga shafin Startup, a cire alama daga gaban manhajojin da ba a so, sannan a sake kunnawa. A shafin Services na wannan manhaja akwai akwatin Hide all Microsoft services, wanda ake fara sa wa alama kafin a taɓa komai, domin a ɓoye hidimomin da Windows kanta ta dogara da su.

### Sauran manyan manhajoji

A kwamfutocin Apple ana kiran su Login Items. Daga macOS Ventura ta 2022 suna ƙarƙashin General a cikin System Settings, tare da jerin manhajojin da aka yarje wa aiki a bayan fage. A yawancin nau'o'in Linux, systemd ne ke kula da hidimomi, tsarin da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, kuma umarnin systemd-analyze blame na jera hidimomin bisa tsawon lokacin da kowace ta ɗauka. Wayoyin Android ma suna barin manhaja ta tashi bayan kunnawa, kuma wayoyi irin su Tecno da Infinix na da sashen da ake hana hakan.

## Waɗanda ake dakatarwa da waɗanda ake bari

Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce tambaya ɗaya: shin manhajar na yin wani aiki da ake buƙata tun kafin a buɗe ta? Idan amsar a'a ce, babu dalilin tashinta da wuri.

Waɗanda galibi ake dakatarwa ba tare da matsala ba sun haɗa da manhajojin hira da taro kamar Teams da Zoom da Telegram, da na kiɗa da wasanni kamar Spotify da Steam, da na sauke fayiloli kamar uTorrent da Internet Download Manager, da mataimakan burauza da na manhajar karanta PDF. Duk waɗannan suna aiki yadda suka saba idan an buɗe su da hannu. Abin da ake rasawa shi ne sanarwa: wanda ya dakatar da manhajar hira ba zai ga saƙo ba sai ya buɗe ta.

Waɗanda ake bari sun haɗa da manhajar tsaro, da na sauti, da na faifan taɓawa da ke maye gurbin linzami, da waɗanda ke sa maɓallan ƙara haske da sauti su yi aiki. Manhajojin ajiya a intanet kamar OneDrive da Google Drive suna tsaka-tsaki. Suna da nauyi, amma idan aka dakatar da su, fayiloli sun daina zuwa ma'ajiyar ke nan har sai an buɗe su. Ɗalibin da ya dogara da ɗayansu wajen adana kundin bincikensa na iya tarar da cewa kwafin da ke intanet tsoho ne ranar da kwamfutar ta lalace.

Ga masu rubutu da Hausa akwai wani misali na musamman. Manhajar Keyman, wadda ƙungiyar SIL ke kula da ita, na daga cikin hanyoyin buga haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tana zama ne a bayan fage tana sauya abin da aka danna. Idan aka hana ta farawa, haruffan ba za su fito ba sai an buɗe ta. Wanda ke amfani da tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows kanta ba ya fuskantar wannan.

Idan aka ci karo da sunan da ba a sani ba, ana danna shi da ɓangaren dama na linzami a zaɓi Open file location domin ganin inda fayil ɗin yake, ko Search online domin bincike. Ya fi kyau a riƙa dakatar da kaɗan-kaɗan ana sake kunnawa, ta yadda idan wani abu ya daina aiki za a san mai laifin.

## Manhajojin cusawa da ƙwayoyin cuta

Ba duk manhajojin farawa ne mai kwamfuta ya saka da hannunsa ba. Wasu sun zo da ita daga kamfani, wasu kuma sun laɓe ne a bayan wata manhajar kyauta da aka girka. A watan Fabrairun 2015 aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun fito da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke raunana tsaron shafukan intanet, har kamfanin ya fitar da hanyar cire ta. Manhajojin da ake tallatawa da sunan share kwamfuta su ma ba su tsira ba: a watan Satumban 2017 aka bayyana cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin wani nau'i na CCleaner, wanda sama da mutum miliyan 2 suka sauke.

Ƙwayoyin cuta kusan duka suna neman wurin farawa, domin ta haka ne suke rayuwa bayan an kashe kwamfuta an kunna. Sananniya a Najeriya ita ce wadda ake kira "shotkot", mai yaɗuwa ta filashi. Takan ɓoye fayilolin da ke kan filashin ta maye gurbinsu da alamomin bogi masu irin sunayensu. Duk wanda ya danna ɗaya, ta shiga kwamfutarsa, ta rubuta kanta a rajista ko a foldar farawa, ta jira filashi na gaba. Alamomin da ke sa a yi zargi sun haɗa da suna mara ma'ana, da rashin sunan kamfani, da fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js, da kuma zama a foldar Temp ko AppData ba tare da wata manhaja da aka sani ba. Dakatarwa kaɗai ba ta isa a nan ba, domin da yawa kan mayar da kansu. Sai an bincike kwamfutar da filashin da manhajar riga-kafi.

## A yankin Jega, Aliero da Maiyama

A wannan yanki na Jihar Kebbi, manyan masu amfani da kwamfuta su ne ɗalibai da malamai, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da masu shagunan buga takardu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega sun jawo irin waɗannan shaguna a kewayensu. Mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da yadda rajistar makarantu da duba sakamako da neman aiki suka koma intanet, sun sa mutanen garuruwa kamar Jiga Birni da Sabiyal da Danwarai a ƙaramar hukumar Aliero ma suna da buƙatar kwamfuta, tasu ko ta shago.

Abubuwa da dama sun sa batun manhajojin farawa ya fi tasiri a irin wannan wuri.

Na farko shi ne nau'in kwamfutocin. Kamar a sauran sassan Arewa, da yawa na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su shigo ta kasuwanni kamar Computer Village da ke Ikeja a Legas. Tsofaffin cikinsu kan zo da faifan HDD da RAM kaɗan, wato haɗin da cunkoson farawa ya fi yi wa illa. Ƙari a kan haka, al'ada ce mai sayarwa ko mai gyara ya cika wa mai saye kwamfutar da manhajoji a matsayin kyautatawa: burauza biyu ko uku, da manhajar sauke bidiyo, da riga-kafi fiye da ɗaya. Kowace na iya zuwa da nata abin farawa. Manyan manhajojin riga-kafi biyu masu sa ido a lokaci guda sukan binciki fayil ɗaya sau biyu, wani lokaci ma su yi karo da juna. Windows 10 da 11 suna da nasu riga-kafin, Microsoft Defender, wanda ke janyewa da kansa idan an girka wani.

Na biyu shi ne wuta. Jihar Kebbi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara, kuma shaguna da ɗakunan ɗalibai da yawa sun dogara da janareta ko sola. Batirin kwamfuta ta hannu galibi ya riga ya yi rauni. Mintunan da aka ɓata ana jiran ta gama tashi daga cikin ɗan cajin da ake da shi suke fita. Ga mai shago kuwa, fetur ne ke ƙonewa alhali kwastoma na tsaye, kuma tsadarsa ta ƙaru tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Na uku shi ne data. Mafi yawan masu kwamfuta a yankin da wayarsu suke haɗa ta da intanet, kuma data saye ake yi da awo. Manhajojin bayan fage na iya cinye ta kafin a buɗe shafin da aka zo dominsa. Baya ga dakatar da su, ana iya shiga saitin Wi-Fi a kunna Metered connection, wanda ke sanar da Windows cewa layin na awo ne, ta rage sauke-sauke.

Na huɗu shi ne yawon filashi tsakanin shagunan buga takardu da kwamfutocin ɗalibai, musamman lokacin rubuta kundin kammala karatu, wanda shi ne babbar hanyar yaɗuwar shotkot. A kwamfutar shago kuma akwai abubuwan da ba a taɓawa, kamar hidimar da ke tura aiki ga firinta da manhajar na'urar ɗaukar hoton yatsa, domin dakatar da su na tsayar da sana'ar kanta.

## Iyakar amfaninsa

Idan an rage manhajojin farawa amma nauyin bai ragu ba, matsalar na wani wuri. Faifan da ya kusa cika, ko wanda ya fara lalacewa, na jawo nauyi mai kama da wannan. Faifan HDD mai ƙara kamar ƙwanƙwasa alama ce ta a gaggauta kwashe fayiloli. Zafi ma dalili ne: furosesa kan rage gudunta da kanta idan ta yi zafi sosai domin kada ta ƙone. A Kebbi, inda zafin watannin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ke toshe fanka da ƙofofin iska, share cikin kwamfuta da daina ɗora ta a kan katifa na iya yin tasirin da ya fi na kowane saiti. Burauza mai shafuka da yawa a buɗe ita ma takan ci RAM fiye da duk manhajojin farawa a haɗe.

Ga tsohuwar kwamfuta, sauye-sauye biyu da suka fi kawo bambanci su ne maye gurbin HDD da SSD da kuma ƙara RAM. A kwamfutar da ta riga ta samu waɗannan, dakatar da manhajojin farawa ba ya rage lokacin tashi sosai, ko da yake yana taimaka wa batir da data.

Haka kuma matakin ba ya maye gurbin sabunta babbar manhaja. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin gama-gari na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan tsarin da aka daina toshe wa ƙofofin kutse na iya tashi da sauri, amma tana cikin haɗari duk lokacin da ta hau intanet.

## Duba kuma

* Babbar manhaja
* Microsoft Windows
* Ƙwayar cutar kwamfuta
* Faifan ajiya
* Aliero
* Jega